Daga Tirkaniya zuwa Birnin Zazzau: Yadda za a tsara ziyarar kwana biyu

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci asibiti a Niyu Delhi, ko ya je sarin kaya ƙasar Indiya, zai tuna yadda masu masauki ke kwaɗaita wa baƙo zuwa Jaifur, birnin sarakunan Rajastan wanda Sarki Sawai Jai Singh na Biyu ya kafa a 1727. Mutanenmu kan shafe sa'o'i a mota, su biya kuɗin shiga fada, su dawo gida da hotuna da labari.

Sai dai magidancin da ke zaune a Tirkaniya, ko Kakuri, ko Nasarawa, ko Kudenda, yana da nasa birnin sarautar, wanda masarautarsa ta girmi Jaifur da ɗaruruwan shekaru, kuma tsakaninsa da Kaduna kimanin kilomita 80 ne. Yawancinmu mun san Zariya ne a kan uzuri: kai yaro makaranta Samaru, dubiya a asibitin Shika, ɗaurin aure, ko tsayawa sayen rake a kan hanyar Kano. Kaɗan ne suka taɓa ware rana guda suka shiga cikin ganuwa domin ganin birnin kansa.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata a ci gaba da jinkirta wannan ziyara ba. A ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta, masallata da dama suka rasu. Ginin ya kusa shekara 200 yana tsaye. Yawancin abin da Zazzau ta gada ginin ƙasa ne, kuma kowace damina tana tafiya da rabonta. Abin da uba ya gani da idonsa bana, ba lallai ɗansa ya tarar da shi ba nan da shekara 20.

Wannan bayani jagora ne ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da Asabar da Lahadi kawai, yana kuma son ya tafi da iyalinsa ya dawo bakin aiki ranar Litinin.

Tarihin da ya kamata a riƙe kafin a tashi

Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. Sunan ƙasar da masarautar Zazzau, sunan birnin kuma Zariya, wanda ruwayar baka ta ce sunan ƙanwar Sarauniya Amina ne, 'yar Bakwa Turunku. Kafin sarauta ta zauna a inda take a yau, ta yi zama a Turunku, wadda yanzu ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, da kuma gindin Dutsen Kufena.

Masana sun yi saɓani a kan zamanin Amina. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15, ya kuma ce ikonta ya kai har Nupe da Kwararrafa, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Jerin sarakunan Zazzau kuwa ya kawo gidansu ne a ƙarni na 16. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne, har gobe ana kiran tsofaffin ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa da sunan ganuwar Amina. Mazauna kudancin Kaduna ma suna wuce sunanta kullum, domin Kwalejin Sarauniya Amina tana nan a Kakuri.

Bayan ɓarkewar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, Malam Musa ya karɓi tuta ya ci Zazzau. Sarkin Haɓe na ƙarshe a birnin, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa. Ƙanensa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan an ɗauki sunansa an ba sabon babban birnin tarayya. Shi ya sa har yanzu ake kiran sarkin can Sarkin Zazzau Suleja.

A Zariya kuwa sarauta ta kasance tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa. Turawa sun shigo a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau. Sarki Aliyu Ɗansidi, fitaccen marubucin waƙoƙi daga gidan Mallawa, shi ma Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Marigayi Dokta Shehu Idris daga gidan Katsinawa ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa rasuwarsa a ranar 20 ga Satumban 2020. A watan Oktoba na wannan shekara aka naɗa Malam Ahmed Nuhu Bamalli, sarki na 19 a jerin sarakunan Fulani, sarauta ta koma gidan Mallawa bayan kimanin shekara 100.

Wanda ya riƙe waɗannan sunaye zai ji daɗin yawo a birni, domin su zai riƙa cin karo da su a sunayen unguwanni da tituna da makarantu da bakin dattawa.

Lokacin da ya fi dacewa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi sauƙi. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin cikin lunguna sun bushe, rana ba ta da zafi sosai, sai dai a tanadi rigar sanyi ga yara saboda hunturun safiya, da kuma man shafawa. Idan hazo ya yi kauri, kallon gari daga kan dutse ba ya armashi.

Maris da Afrilu zafi ne. Wanda ya zaɓi wannan lokaci ya yi yawonsa da hantsi da kuma bayan La'asar. Damina, musamman Agusta da Satumba, ita ce lokacin da gari ya fi kyan gani saboda kore, amma ita ce kuma lokacin da dutse ke santsi, tsohon gini ke jiƙewa. Bai kamata a fake a gindin tsohuwar katanga ana ruwa ba.

Mai son ganin sarauta a cikin adonta sai ya nufi bukukuwan Sallah, lokacin Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, inda hakimai da 'yan majalisa ke fitowa da dawakai da kayan ado, ana busa algaita da kakaki. Amma a san cewa a waɗannan kwanaki masauki na wahala, hanyoyin fada na cika maƙil, kuma babu damar tsayawa a tambayi tarihi. Ziyarar kallo daban, ziyarar neman sani daban. Ga mai iyali da ƙananan yara, ranar da ba ta biki ba ta fi.

Hanya da abin hawa

Daga Tirkaniya babu buƙatar ratsa tsakiyar gari. Titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka fi sani da Bayafas, zai haye da matafiyi Kogin Kaduna ya bi da shi ta yammacin gari har Mando da Kawo. Daga Kawo sai a kama babbar hanyar Zariya, a wuce Rigachikun, da Mararrabar Jos, da Birnin Yero, da Jaji inda Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshin Soja take, har a isa Ɗanmagaji a bakin Zariya. Daga Kawo zuwa nan tafiyar kimanin sa'a guda ce idan hanya ta yi kyau. Abin da ke cin lokaci shi ne cunkoson Bayafas, inda manyan motoci ke yawa, don haka tashi bayan sallar Asuba ya fi tashi da hantsi.

Wanda ba shi da mota zai samu motocin Zariya a Tashar Kawo tun da sassafe. A shiga mota a cikin tasha, inda ake da 'yan kamasho da aka sani, kada a tsaya tarar ta bakin hanya don neman rangwame. Kuɗin mota yana bin farashin mai, saboda haka a tambaya ana jajibirin tafiya. A cikin Zariya, Keke Napep da babur su ne abin hawa. Iyali za su iya yin jinga da mai keke ɗaya na wuni guda, a daidaita kuɗi da wuraren da za a je tun kafin a hau.

Baƙon da ya taso daga Abuja zai iya hawa jirgin ƙasa zuwa tashar Rigasa, ya kwana a Kaduna, washegari ya bi wannan hanya.

Ƙa'ida ɗaya ba ta canzawa: a yi tafiya da rana, a dawo da rana. A tsara komowa yadda za a shigo Kaduna kafin Magariba.

Ranar farko: cikin ganuwa

Tsohon birni shi ne zuciyar ziyarar, kuma wuni guda ya dace a ba shi. Ƙofofinsa sanannu ne: Ƙofar Doka, da Ƙofar Kibo, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Galadima. Ƙofar Doka ita ce ta fi shahara, ita ke haɗa birni da Tudun Wada, kuma ta nan ya fi sauƙi baƙo ya shiga. Kusa da ita Kwalejin Alhudahuda take, wadda asalinta ya koma 1910.

Ganuwar kanta yanzu gutsattsari ce. A wasu wurare ta koma tudun ƙasa da ciyawa ta rufe, a wasu an ɗebi ƙasarta an yi tubali, a wasu kuma gidaje sun hau kanta. Duk da haka, a nemi wanda ya san gari ya nuna inda ta rage da tsayi, a tsaya da yara a gindinta, a nuna musu kaurinta da ramin da ke bayanta, wanda daga cikinsa aka haƙo ƙasar ginin, ya kuma zama shinge ga mahayan abokan gaba. Minti 15 a nan ya fi darasin aji guda.

Daga nan sai Fada. Ƙofar gidan Sarkin Zazzau na daga cikin fuskokin gini da aka fi ɗauka a hoto a Arewa, saboda zanen da aka yi mata mai launuka masu haske, na dagi da sauran zanen magina. A gabanta akwai filin da ake jafi ranar hawa. Gidan sarki gida ne da ake zaune a ciki, kuma ofis ne da ake aiki, don haka baƙo yana ganin abin da aka ba shi izinin gani ne. Wanda yake son ya wuce ƙofa ya ga zaurukan ciki, ko ƙungiya ko makarantar da za ta zo da jama'a, sai su rubuta wa Majalisar Masarautar Zazzau takarda tun da wuri.

Dab da fada Masallacin Juma'a yake. An gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, kuma har yau akwai zuriyarsa da unguwa mai sunansa a birni. Abin da ya ɗaukaka wannan gini a idon masana shi ne yadda aka rufe fili mai faɗi da ƙasa da azara kawai. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma tsawonta yana da iyaka. Sai magini ya riƙa jera ta hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, yana ɗaurewa yana shafe ta da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan waɗannan bakuna aka ɗora rufin ɗaurin guga, aka kuma ƙawata ginshiƙai da zane mai tudu. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti.

Bayan ruftawar 2023, masarauta ta sa a gaba aikin sake gina masallacin. Mai ziyara ya tambayi dogarai ko ma'aikatan masallaci inda aka yarda baƙo ya tsaya. Wanda kuma yake son ganin siffar aikin Babban Gwani a cike, akwai kwaikwayonsa da aka gina a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya assasa bayan ya auna gine-ginen Zariya ya zana su.

Bayan sallar Azahar da cin abinci, sai a ba sana'a sauran wunin. Zazzau ta yi suna a ɗinkin manyan riguna na hannu, irin su aska biyu da aska takwas da malum-malum. A zaurukan unguwannin birni za a ga maɗinka zaune, kowa da ɓangaren rigar da yake yi wa aiki, domin riga guda kan bi ta hannun mutum fiye da ɗaya: mai zane daban, mai ɗinki daban, mai bugu daban. Mata ma a cikin gidaje suna da babban kaso a wannan sana'a. Babbar riga mai cikakken aiki kan ɗauki watanni. Ɗan kasuwar da ke son saye ya juya rigar ya dubi bayanta: aikin keke yana nuna zaren ƙasa a jere daidai wa daida, aikin hannu kuwa yana nuna ƙulli da ɗan bambancin taku. Sayen hula ko riga a hannun mai yin ta ya fi arha, kuma kuɗin yana shiga inda ya dace.

Birnin kuma gari ne na malamai. Unguwanni irin su Kona da Juma sun daɗe da suna a karatun zaure, inda ɗalibai daga ƙasashen Hausa da maƙwabta ke zuwa karatun fiƙihu da nahawu da lugga. Wanda ya ratsa da La'asar zai ga dattawa zaune da littattafai a gaban malami. A yi sallama, a wuce cikin natsuwa.

Ladubban da ake kiyayewa

Birnin Zariya wuri ne da ake lura da ɗa'a. A sa sutura ta kamala, mata su yafa mayafi ko hijabi. A cire takalmi a inda aka ga mutanen gari sun cire. Dogari ko bafade ana gaishe shi da "ranka ya daɗe", a faɗa masa daga inda aka zo da abin da ake so, shi zai nuna iyakar da za a tsaya. Idan aka yi dace Sarki ya fito, a tsaya gefe, a bi abin da fadawa suka ce.

Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum, musamman mata da almajirai da masu karatu, sai da izininsa. Kada a leƙa gidan da ba a yi wa mutum iso ba, komai kyan zaurensa. Maƙwabci ko abokin aikin da ba Musulmi ba, wanda aka zo tare da shi daga Kaduna, zai iya ganin ƙofar fada da ganuwa da kasuwa ba tare da wata damuwa ba. Game da masallaci kuwa, a tambaya tukuna, a kuma kauce wa lokutan salla. Wanda ya ɗauki lokacinsa ya zagaya da baƙo ya cancanci goro, ko da bai nema ba.

Inda za a kwana

Yawancin otal-otal da gidajen saukar baƙi suna wajen ganuwa ne, a Sabon Gari da unguwar Turawa ta da, wato Jiyare, da Kongo da Samaru. A kira a kama ɗaki tun daga Kaduna, a tambayi batun wuta da ruwa da wurin ajiye mota. A guji makon bikin yaye ɗalibai na jami'a da makon yaye sababbin sojoji, domin a lokutan nan ɗakuna kan ƙare. Wanda yake da dangi ko aboki a gari, saukarsa a can ta fi, domin ɗan gari shi ne jagoran da kuɗi ba ya saye.

Rana ta biyu: wajen ganuwa

A fara da Dutsen Kufena da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Yana yamma da birni, kusa da Wusasa, kuma a kewayensa akwai ragowar tsofaffin ganuwoyi da ke nuna cewa an yi zaman gari a nan tun kafin birnin yanzu ya bunƙasa. Daga samansa ana hango shimfiɗar ƙasar Zazzau da gonakinta. A hau tare da ɗan unguwa wanda ya san hanya, a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin a nufi dutsen, a sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙe ruwa. Tsofaffi da ƙananan yara su tsaya a gindi.

Wusasa tana da nata tarihin. Likita Walter Miller na mishan ɗin Cocin Ingila ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa a wajejen 1929. Cocin Saint Bartholomew da aka gina a lokacin ginin ƙasa ne irin na Hausa, da hannun maginan Zazzau, kuma yana daga cikin abin da ya kamata mai sha'awar gini ya gani bayan ya ga masallaci, domin hannu ɗaya ne da fasaha ɗaya. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga nan kuma Dokta Barau Dikko ya fito, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Ranar Lahadi da safe ana ibada, don haka mai son ganin cikin cocin ya jira a tashi, ya nemi izini.

Daga Wusasa sai unguwar Gaskiya. Duk mai karanta Hausar boko yana da alaƙa da wannan wuri. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, wanda maɗaba'arsa ta fitar da littattafan da aka yi karatu da su a makarantun Arewa shekara da shekaru. Yaron da ya karanta Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja zai so a nuna masa garin da marubucinsu ya yi aiki.

A wannan yanki Kwalejin Barewa take. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya a 1949. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi ta tun tana Katsina, sannan Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk tsofaffin ɗalibanta ne. Makaranta ce mai ɗalibai a ciki, saboda haka shiga sai da izinin hukumarta.

Idan lokaci ya rage, a ratsa Sabon Gari, wanda ya tashi da zuwan jirgin ƙasa a wajejen 1911, lokacin da layin dogo ya ratsa Zariya ya nufi Kano. Tashar jirgi da tsofaffin kantunan kamfanonin Turawa, waɗanda suka bar wa shataletalen PZ sunansa, suna tuna zamanin cinikin auduga da gyaɗa. A nan Hajiya Gambo Sawaba ta yi gwagwarmayarta ta siyasa a jam'iyyar NEPU, kuma babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta.

Zangon ƙarshe shi ne Samaru, a kan hanyar Sakkwato, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a ranar 4 ga Oktoban 1962. A zagaya a ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, da sassaƙe-sassaƙen da ke harabar sashen zane, sashen da ya gaji ƙungiyar matasan masu zane ta 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe. Ga yaron da ke shirin jarrabawar shiga jami'a, wannan zagaye kaɗai ya isa dalilin tafiyar. Da an yi Azahar a ci abinci, a kama hanyar Kaduna.

Guzuri da kasafi

Kasafin wannan tafiya kashi biyar ne: kuɗin mota ko mai zuwa da dawowa, kuɗin zirga-zirgar cikin gari, masaukin dare ɗaya, abinci, da goron jagora tare da tsaraba. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin mai keke da mai fura da maɗinkin zaure ba kowa ke karɓar tiransifa ba, kuma sabis kan yanke. A ɗauki katin shaida, da ruwan sha, da maganin da aka saba sha, da abin cajin waya.

Abinci ba ya wahala: waina da miya da safe, fura da nono da rana, tsire ko balangu da dare. Tsarabar da ta dace da ƙasar Zazzau ita ce rake da mazarƙwaila, sai hula ko rigar aikin hannu ga wanda aljihunsa ya kai.

Wanda yake da wuni ɗaya tak ya taƙaita a kan ranar farko: ganuwa, fada, masallaci, maɗinka. Haɗa birni da Kufena da Samaru a rana guda gaggawa ce da ba ta barin komai a zuciya.

Abin da Jaifur ta yi

Jaifur ba ta zama abin zuwa gani da kanta ba. An shafa wa gine-ginenta launin hoda a 1876 domin tarbar Yariman Ingila, hukuma ta ci gaba da kiyaye wannan launi a tsohon birni. Bayan Indiya ta soke alawus da gatan sarakunanta a 1971, gidan sarautar ya ci gaba da zama a wani sashe na fada, wani sashen kuma yana buɗe a matsayin gidan tarihi da ake biya a shiga. A 2019 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Kuɗin baƙo shi ke biyan mai gyara da mai gadi da mai jagora.

A Zariya, mai ziyara shi ke nemo jagoransa, shi ke tambayar tarihin da bakinsa. Wannan yana da wahalarsa, yana kuma da ribarsa, domin abin da zai gani rayuwa ce da ake yi, fada da ake zaman fadanci, zaure da ake karatu, allura da ake ci da ita. Amma magini ba ya koya wa ɗansa ɗaurin guga idan babu mai neman a yi masa, kuma hukuma ba ta kashe kuɗi a kan ganuwar da ba mai zuwa gani. Kowace mota da ta taso daga Tirkaniya da yara a ciki, ta tsaya a Ƙofar Doka, ƙarin hujja ce ga masu cewa a gyara.

Kafin damina mai zuwa, a duba kalanda a ware Asabar ɗaya.